Yadda Ake Neman Zaman Masu Barin Barasa

A ƙasar Hausa babu wanda ya kai mashayin barasa iya ɓoyo. Ba ya saye a unguwarsu. Sai ya hau adaidaita ya tsallake unguwa biyu ko uku, ya karɓi 'yar leda ko ƙaramar kwalba a hannun mai shagon da bai san gidansu ba. Aljihunsa ba ya rabuwa da kanumfari ko cingam. Ya san lokacin da mai ɗakinsa take barci, ya san yadda zai wuce majalisar ƙofar gida da ɗaga hannu kawai ba tare da ya matsa kusa ba. Dalilinsa a fili yake: addini ya haramta, jama'a suna ƙyama, kuma a jihohin da suka dawo da shari'ar Musulunci, tun daga Zamfara a 1999, bulala ce ke jiran Musulmin da aka kama. Abin takaicin shi ne, ranar da wannan bawan Allah ya yanke shawarar bari, a ɓoyen yake bari. Shi kaɗai yake rantsuwa, shi kaɗai yake tuttular da ragowar kwalbar a makwarara, shi kaɗai kuma yake komawa bayan 'yan kwanaki. Ba wanda ya san ya daina, balle a san ya koma.

Tun shekarun 1930 wasu suka gane cewa wannan kaɗaicin yana cikin abin da ke ciyar da cutar. Dabarar da suka fito da ita ba ta da wuyar ganewa. Waɗanda barasa ta kama su taru a ɗaki ɗaya, sau ɗaya ko fiye a mako, kowa ya faɗi halin da yake ciki, wanda ya daɗe da bari ya riƙe wanda ya shigo jiya. Babu likita a gaba, babu mai wa'azi a kan mumbari. Kusan tsarin adashe ne, kowa yana zubi kowa yana kwasa, sai dai a nan ranar da ka zo hannu rabbana ba mai harararka. Ƙungiyar da ta fi suna a wannan fanni ita ce Alcoholics Anonymous, wadda ake taƙaitawa AA. An kafa ta a Amurka a 1935, yau tana ƙasashe kusan 180, da mutane wajen miliyan 2. A 2020 cibiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta haɗa bincike 27 da suka shafi mutum 10,565. Ta samu cewa cikin waɗanda aka tura AA ta hanya mai tsari, kashi 42 cikin 100 ba su kurɓa ba har shekara ta zagayo, alhali a sauran hanyoyin ba da shawara kashi 35 ne. Akasarin binciken a Amurka aka yi shi, kuma ko a can ka ga fiye da rabi sun ɗan koma. Don haka kada wani ya ce maka sha yanzu magani yanzu ne. Amma abu ne da ba a biya, kuma yana aiki ga mutane da yawa. Abin da ya rage shi ne yadda mutumin Kano ko Maraɗi ko zangon Kumasi zai same shi.

Kafin ka nemi taro, fara da jikinka. Idan kullum kake sha, ko kuma da safe hannunka na rawa har sai ka ɗan kurɓa kafin ka iya kai kofin shayi baki ba tare da ya zuba ba, to kada ka yanke barasa dare ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Ba sassauci nake yi wa haram ba, maganar rai ce. Barasa tana danne ƙwaƙwalwa, kuma idan aka daɗe ana sha sai ƙwaƙwalwar ta ƙara wa kanta ƙaimi don ta iya aiki a ƙarƙashin wannan danniya. Aka janye barasar farat ɗaya, sai ƙaimin ya rage ba abin da ke riƙe shi. Tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe mutum yakan fara kyarma, da zufa, da tashin zuciya, da bugun ƙirji, barci ya ƙaurace masa. A cikin kwana biyun farko wasu sukan yanke jiki su faɗi suna jijjiga irin ta farfaɗiya. Mafi haɗari yakan zo a kwana na biyu zuwa na huɗu: zazzaɓi, ruɗewa, sambatu da gane-gane, mutum ya rinƙa kakkaɓe ƙwarin da ba kowa ke ganinsu a jikinsa ba sai shi. A gidajenmu da an ga haka sai a ce iska ce, a aika a kira mai ruƙiyya. A yi addu'a, amma a yi ta a cikin mota ana hanyar asibiti, domin wannan hali yana kisa idan ba a kula da shi ba.

Saboda haka matakin farko yankar kati ne. A Najeriya asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da na Kware kusa da Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano, duk suna karɓar masu matsalar shaye-shaye. Haka ma sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jos. A Nijar akwai irin wannan sashe a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Na san sunan wurin kaɗai yana sa mutum ya ja da baya, don gudun a ce an gan shi a asibitin mahaukata. In haka ne, fara da likitan babban asibitin garinku, shi zai tura ka inda ya dace. Idan ka zauna gabansa ka faɗa masa gaskiya, ranar wanka ba a ɓoye cibi: me kake sha, nawa a rana, tun yaushe, yaushe ka sha na ƙarshe, ka taɓa faɗuwa da ka gwada dainawa, kuma kana haɗawa da taramol ko kodin ko wiwi? Da wannan bayani zai san ko a gida za ka sha magani ko sai an kwantar da kai. Yawanci yakan ba da maganin kwantar da jijiya na 'yan kwanaki, ana rage shi a hankali, da kuma bitamin B1, wanda barasa ke ƙarar da shi a jiki har ƙwaƙwalwa ta taɓu. Kada ka je kemis ka sayi irin wannan magani da kanka. Haɗa shi da barasa na iya tsayar da numfashi, kuma shi kansa yana kama mutum.

Wannan zuwa asibiti shi ne kuma wuri mafi kyau na fara tambayar taro. Kafin ka tashi ka ce: “Likita, akwai wani zama da waɗanda suka bar shaye-shaye suke yi, ko a nan asibiti ko a cikin gari?” Idan bai sani ba, kada ka tsaya nan. Ka nemi masanin halayyar ɗan Adam na sashen, ko jami'in jin daɗin marasa lafiya, ko wata tsohuwar nas da ta daɗe a wurin. Sau da yawa su suka fi likita sanin inda waɗanda aka sallama suke haɗuwa, domin su ne ke bin sawunsu. Wasu asibitocin suna da zamansu na rukuni a ranar da ake dawowa ganin likita. Wannan zaman ma'aikaci ne ke jagorantarsa, ba zaman 'yan'uwa zalla ba ne, amma a nan za ka fara ganin fuskokin mutane irinka, kuma a cikinsu akwai wanda ya san wani wuri.

Ƙofa ta biyu ita ce hukumar NDLEA. Tun da aka kafa ta a 1989 mutane da kame suka san ta, amma tana da sashen ba da shawara da gyaran hali a ofisoshinta na jihohi, kuma a 2022 ta buɗe layin waya na kyauta da ake kira dare da rana ba tare da an faɗi suna ba. Barasa ba ta cikin kayan da hukumar ke kame a kansu. Ƙofa ta uku coci ce. A duk duniya AA ta fi samun ɗakin taro a harabar coci, don haka ofishin babbar coci a Kaduna ko Jos ko Abuja wuri ne da ya cancanci a leƙa a tambaya. Ɗakin na coci ne, taron ba nata ba ne, ƙa'idarsu ma ita ce su biya kuɗin haya ko da kaɗan ne. Akwai kuma ƙungiyar Blue Cross, wadda aka kafa a Jeneba a 1877, mai tushen Kirista, da ke aiki a ƙasashen Afirka ciki har da Gana da Chadi.

Sai wayarka. Rubuta haruffan AA da sunan garinku a Google, ko ka shiga shafin aa.org, inda akwai jerin ofisoshin ƙasashe, ko ka sauke manhajar Meeting Guide, wadda ke nuna taron da ya fi kusa da kai a inda aka shigar da jadawali. Ɗan Nijar ko Kamaru ko Chadi ya rubuta sunan da Faransanci, Alcooliques Anonymes. Idan yara suna wasa da wayar, ka goge abin da ka bincika. Zan faɗa maka gaskiya tun yanzu don kada ranka ya ɓaci: a yankinmu jerin gajere ne. Abin da za ka fi gani shi ne Legas da Abuja da Akara, kuma da Turanci. Jadawalin ma yakan tsufa, a bar wuri shekara guda ba a gyara shafi ba.

Don haka kada ka ƙona kuɗin mota sai ka yi waya. Wanda zai ɗauka yawanci ba ma'aikaci ba ne, wani ne da shi ma ya taɓa zama inda kake. Ba sai ka faɗi sunanka ba. Ka tambaye shi rana da lokaci, da ainihin ƙofar da ake shiga, domin ba a kafa allo, kuma ba ka so ka tsaya kana yi wa maigadi bayani. Ka tambayi harshen da ake magana da shi. Ka tambaya ko taron buɗaɗɗe ne ko rufaffe. Buɗaɗɗe kowa na iya zuwa, har da yayanka ko matarka in kana son rakiya. Rufaffe na masu son daina sha ne kaɗai. A jadawali akan sa harafin O a gaban na farko, C a gaban na biyu. Idan mace ce ke nema, ta tambaya ko akwai mata a ciki, ko akwai zaman mata zalla, ta kuma nemi a haɗa ta da mace su yi magana kafin ranar. Daga ƙarshe ka ce ko wani zai iya tarbarka a bakin ƙofa minti goma kafin a fara. Ba sa jin nauyin wannan, suna ɗaukarsa cikin abin da ke riƙe su su ma.

Ranar farko, abin da za ka tarar ba zai burge ka ba. Ƙaramin ɗaki ne, aji ko ofis, da fararen kujerun roba an jera su da'ira ko layi-layi. Wataƙila akwai filas na ruwan zafi da kofuna a kan benci, da wasu takardu da aka manna a bango waɗanda za a cire in an tashi. Mutanen ba su yi kama da abin da kake tsammani ba. Za ka ga mai kwat da ya taso daga ofis, ka ga direba, ka ga dattijo da furfura, ka ga matashin da har yanzu idonsa ja ne. Ɗaya daga cikinsu zai buɗe zama, a karanta wasu 'yan shafuka, sannan a tambaya ko akwai baƙo. Kana iya ɗaga hannu ka faɗi sunanka na yanka kawai, ko wani suna da ka zaɓa, kana kuma iya cewa, “Yau saurare na zo yi.” Ba wanda zai matsa maka. Daga nan mutane za su yi magana ɗaya bayan ɗaya, kowa minti uku zuwa biyar, kowa a kan kansa. A yawancin zaman AA ba a katse mai magana, ba a ba shi amsa, ba a yi masa gyara. Wannan yana ba Bahaushe mamaki, mu da muka saba da an faɗi matsala sai nasiha ta biyo baya daga kowane ɓangare. Amma nan amfanin yake. Mutumin da ya shekara goma yana shan nasiha da gori, yau ya faɗi cewa ya sayar da keken ɗinkin matarsa ya sha, sai ya ga ba wanda ya zaro ido, har wani can yana gyaɗa kai domin shi ma ya yi makamancin haka.

Wajen ƙarshe za a zagaya da kwando ko leda. Wanda ke da shi ya jefa abin da ya sawwaƙa don haya da shayi, wanda ba shi da shi ya miƙa gaba. Babu kuɗin rajista, babu kati, babu littafin sa hannu. Ƙa'idar AA ce ba ta karɓar gudummawa daga waje, kuma sharaɗin shiga ɗaya ne tak: kana son ka daina sha. Ko da warin barasa a bakinka ka zo, in dai ba ka tayar da hankali ba, ba a korarka. Awa ɗaya ko ɗaya da rabi an tashi. Kada ka yi wuf ka fice. 'Yan mintocin nan da ake tsayawa ana naɗe kujeru sun kai zaman kansa amfani, domin a nan ake ba sabon zuwa lambobin waya a ce masa ya kira kafin ya sha, ba bayan ya sha ba.

To idan ka shiga ka ga wanda ka sani fa? Wannan tsoro ya fi hana mutane zuwa fiye da komai. Ka tuna abin da ya kawo ka shi ya kawo shi, asirinka a hannunsa, nasa a hannunka. Duk da haka rufin asirin taro alkawari ne tsakanin mutane, ba doka ba ce irin wadda ta ɗaure likita. Ka yi maganar shanka da halin zuciyarka. Abin da zai iya kai ka kotu, ko sunan wani, ko sirrin iyalinka, ka adana shi sai ka sami mutum ɗaya da ka gwada ka yarda da shi. Tsarin ma ya tanadi irin wannan mutum: wanda ya daɗe da bari, ka zaɓe shi da kanka ya zama jagoranka, kana kiransa kullum, yana bi da kai matakai 12 na ƙungiyar. Al'adarsu namiji ya ɗauki namiji, mace ta ɗauki mace. Kada ka yi gaggawar zaɓe. Ka duba wanda zamansa ya fi maganarsa kyau.

Kada kuma ka yanke hukunci da zama ɗaya. Su kansu sukan ce a gwada kamar shida, a wurare daban-daban in akwai, domin kowane zama da halin mutanensa. Akwai dai alamomin da in ka gan su ka tashi kawai. Wanda ya nemi kuɗi masu yawa ko ya ce sai ka sayi wani haɗi nasa. Wanda ya ce ka jefar da maganin da likita ya rubuta maka. Wanda ya mai da kansa shugaban da ba a yi masa musu. Wanda ke ɗaukar hoto ko bidiyo. Tsohon ɗan taro da ke laɓe wa sababbin mata da sunan taimako. Sai kuma babba: duk wurin da za a kulle ƙofa a hana ka fita, ba wannan nake nufi ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka, kuma a makonnin da suka biyo baya aka fasa wasu irinsa a Daura da Katsina. Iyaye da yawa da kyakkyawar niyya suka kai 'ya'yansu, don ba su san wata hanya ba. A ganina mari yana hana ƙafa zuwa mashaya ne kawai muddin yana ƙafar. Ranar da aka cire shi, mutum ya fito da ƙishinsa, ga kuma ƙullaci a kai.

Yanzu maganar da na san tana ran mai karatu Musulmi. AA a cikin Kiristocin Amurka ta tsiro, kuma matakanta suna maganar miƙa al'amari ga wani iko da ya fi naka, kowa bisa yadda ya fahimci Ubangiji. Ba ta da aƙida tata, ba ta neman ka sauya taka. A wasu wuraren akan rufe zama da addu'ar Kirista. Kana iya yin shiru ka yi taka a zuci, ba mai tambayarka. Musulmi da yawa a duniya suna zama a ciki a haka. Wasu kuma ba su sami natsuwa ba, shi ya sa a 1989 Musulmin birnin Baltimore na Amurka suka kafa Millati Islami, suka sake tsara matakan a kan Alƙur'ani da Sunna. Akwai kuma SMART Recovery, wadda aka kafa a 1994, ita ba ta shigo da addini ko kaɗan. Dabarun sarrafa tunani da sha'awa take koyarwa, ana musayar ra'ayi a zamanta, da mai gudanarwa da aka horar. Sai Narcotics Anonymous, ta 1953, ta masu ƙwaya da sauran kayan maye. Ita tana lissafa barasa cikin kayan maye, don haka in ita kaɗai ce a garinku, shiga.

Wani zai ce, ai an hana mutum ya tona wa kansa asiri bayan Allah ya rufa masa. Gaskiya ne, kuma ba abin wasa ba ne. Amma a fahimtata wanda ke bugun ƙirji da saɓo a majalisa daban, wanda ya faɗi ciwonsa a rufaffen ɗaki don neman fita daban, kamar dai yadda ba a ce mai gaya wa likita ya yi tallar zunubi. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa da kuma bakinsa. Masu ƙyamar zama da mashayi kuwa su tuna abin da Bukhari ya ruwaito game da wani sahabi da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Da wani ya tsine masa, sai Annabi ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. An tsayar masa da hukunci, ba a fitar da shi daga cikin jama'a ba.

Idan ka bi duk waɗannan ƙofofi ba ka sami komai a garinku ba, wanda shi ne zai faru ga da yawa daga cikinmu, saura hanya biyu. Ta farko intanet. Tun annobar korona ta 2020 tarurruka suka cika Zoom, kusan kowace awa akwai wanda ake yi a wani wuri a duniya, kuma shafin aa-intergroup.org yana jera su. Akwai na Turanci, da Faransanci, da Larabci. Kana iya kashe kyamara, wanda ke rage cin data sosai, ka sa sunan da ka ga dama, ka toshe kunne da abin sauraro ka zauna a mota ko a soro. Ka lura da bambancin agogo: Akara tana bayan Kano da awa ɗaya, Afirka ta Kudu tana gaba da awa ɗaya, Kenya da awa biyu, Landan kuwa daidai take da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni tana baya da awa ɗaya. Ka zaɓi zaman da ya faɗo daidai lokacin da ka saba fita sha. In bayan isha'i ƙafarka ke ƙaiƙayi, to a lokacin ya kamata kunnenka ya kasance a cikin taro. Raunin wannan hanya shi ne ba wanda zai ga ramarka ko ya ji warin bakinka, kuma fita ba ta wuce danna maɓalli ɗaya ba. Ka rage wannan rauni da komawa zama guda a kai a kai har su san muryarka, su tambaya in ba su ji ka ba.

Hanya ta biyu ita ce ka fara naka, kuma ƙungiyar kanta haka ta faro. A watan Mayu na 1935 wani dillalin hannun jari daga New York, Bill Wilson, ya je garin Akron na jihar Ohio kan wata harka, harkar ta rushe. Watanninsa kusan biyar da daina sha. Yana tsaye a zauren otal ɗin Mayflower, ga mashaya a gefe ana ta raha, sai ya ji in bai sami wani mashayi ya yi magana da shi ba to zai koma. Ya duba jerin coci-coci da ke jikin bango, ya kira wani limamin coci, aka yi ta miƙa shi daga wannan zuwa wancan har aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith, wanda barasa ta kusa raba shi da aikinsa. Likitan ya yarda zai ba shi minti 15, suka kwashe awanni suna magana. Ko bayan haka sai da Smith ya sake sha. Ranar 10 ga Yuni 1935, wadda ƙungiyar ke lissafawa a matsayin ranar da ya yi kurɓar ƙarshe, ita suka ɗauka ranar kafuwa.

Ka ga ke nan mutum biyu sun isa. Ka koma wurin jami'in asibitin nan ka ce masa in akwai wani da aka sallama mai son irin wannan zama, a ba shi lambarka. Ku sa rana ɗaya da lokaci ɗaya a mako, kada ku rinƙa canzawa. Ku sami wurin da shiga da fitarsa ba za su ja ido ba: ɗaki a harabar asibiti, aji bayan an tashi makaranta, shagon ɗayanku bayan an rufe. Ku yarda a kan 'yan ƙa'idoji tun ranar farko, cewa abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan, ba a katse mai magana, ba siyasa, ba gardamar ɗariƙa da izala ko ta coci da masallaci, ba rance tsakanin juna, kuma jagorancin zama yana zagayawa. Na fi jaddada maganar rance, domin bashi yana saurin raba mutane, wanda ake bi ya daina zuwa don kunya. Ku yi da Hausa. Ku sanar da likita ko nas cewa kuna nan, don in wani ya zo yana kyarma ku san inda za ku kai shi a daren. In kuna son ku yi amfani da sunan AA da littattafanta, ku rubuta wa ofishinsu ta shafin aa.org, suna taimaka wa sababbin rukunoni da waɗanda ke zaune nesa da kowane taro.

Iyali ma suna da nasu. A 1951 Lois, matar Bill Wilson, tare da wata abokiyarta suka kafa Al-Anon don mata da maza da 'ya'yan mashaya, kuma ita ma ana samunta a intanet. Matar da ta gaji da ɓoye kwalabe da yi wa surukai ƙarya tana iya shiga ko da maigidan bai yarda yana da matsala ba. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ta halarta a madadinsa. Tana iya samo masa rana da wuri, ƙaninsa ya kai shi bakin ƙofa a babur, amma shiga tasa ce.

In kuma ka fara zuwa, ka yi wata biyu, sai ranar wani biki ko ranar da aka ɓata maka rai ka sha, zuciya za ta ce maka ka ji kunya, kada ka koma sai ka gyaru. Kada ka saurare ta. Ka kira ɗaya daga cikin lambobin nan tun da safe, ka je zama na gaba ka faɗa da bakinka. Akasarin waɗanda ke kan kujerun sun taɓa yin haka. Idan shan ya ɗauki kwanaki a jere, ka biya ta asibiti tukuna, domin janyewa ta biyu da ta uku sukan fi ta farko tsanani. A wannan zuwan ka tambayi likita game da magungunan rage sha'awar barasa, irin su naltrexone da acamprosate, ko ana samunsu a inda kake da kuma ko hantarka da ƙodarka za su ɗauka. Ana haɗa su da zuwa taro, ɗaya ba ya hana ɗaya.